Kwaɗin Nasara da Buhun Marke

Ni dai kuka na sayar a Tamanrasset, can cikin hamada, arewa da iyakar ƙasarmu. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yakuwa, lalo, daddawa, duk abin da zai sa Bahaushe ya lumshe ido ya manta a tsakiyar duwatsu yake. In na kwance bakin buhun daddawa da safe, sai an yi atishawa har can garin In Amguel. Kowa Mai kuka yake ce mini, har jandarman da ke zagayen kasuwa, kuma ina da kart ɗina, takardar izinin ɗan kasuwa, a aljihun gaba, ina shafa ta kamar laya.

Wanda ba shi da komai a aljihun gaba shi ne taubashina, ɗan gwaggona. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna kiwon awaki bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini Sarkin ƙarya. Dogo ne siriri, bahago, mutum mai tsadar magana. Ranar da ya yi maka sallama ya ƙara da tambayar gida, to ranar ya yi surutu. Ɗaukar siminti ya zo yi, kuma a shekarun nan leburan da ba shi da takarda kamar kaza yake a gidan biki. Motar jandarma ta tsaya inda ake jiran aiki, a kwashe na kwashewa, a kai su iyaka a sauke cikin rairayi, a nuna musu kudu da yatsa. Wasu su iso Assamaka, garin farko a ɓangarenmu, da ƙafa. Wasu har yau ana jiran isowarsu.

Sai Allah ya yi masa gyaɗar dogo, ya samu gadi a gidan wani Nasara, gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Bayan wannan ƙofar ba mai tambayarka takarda. Da ya ga zama ya yi zama, ya aika aka kawo masa matarsa.

Nasaran nan kwaɗi ya zo kallo. Wallahi ba ƙari na yi ba, wannan karon. Mu da muka baro garin da kwaɗi ke hana liman jin karatun kansa da damina, muka tarar da mutum ya ƙetare teku don ya duƙa a bakin kududdufan dutse yana leƙen kwaɗo. Har ya ɗebo wasu ya zuba a wani akwatin gilashi a falonsa, rabi ruwa, rabi duwatsu. Yana da wani kwali cike da busassun ganye masu faɗi, kamar kunnen jaki, da ya zo da su daga wata ƙasa. Sai ya jefa kaɗan a ruwan, ruwan ya rine ya koma kalar shayi na biyu, irin wanda Buzaye ke dafawa sau uku. Abin da ya koya wa taubashina ke nan: ganye ya ruɓe a sa sabo, kada a bar ruwan ya yi fari, don ganyen ne ke tsare musu fata. Abincinsu kuwa kyankyasai, waɗanda bawana ke kamowa a bayan gidan burodi. Na ce masa, "Ka ga ɗaukaka. Daga ɗaukar siminti ka zama kukun kwaɗi."

Da arewacin ƙasar ya rikice aka ce Nasaru su tattara, shi ma ya tattara. Ya ce 'yan watanni ne zai dawo. Gidan kuwa ba nasa ba ne, na wani tsohon Buzu ne da ya daɗe yana kai shi cikin duwatsu da motarsa. Tsohon yana jin Hausa tun zamanin da yake bin ayari zuwa Damagaram. Ina wurin ranar da ya zo, rawani har ƙarƙashin ido, ya tsaya gaban akwatin ya yi wa taubashina magana.

"Na faɗa wa abokina dabbobinsa baƙina ne. Ba a korar baƙo. In ya dawo, shi ke nan. In sun ƙare, maganata ta ƙare, ranar ka kawo mini makulli. 'Ya'yana sun ishe ni, haya suke so su ba da gidan."

Na ce, "Alhaji, wato kwaɗo ne mai gida, ɗan'uwana ɗan rakiya?"

Ya ce, "Ka fahimta, Mai kuka."

Mun yi dariya a ranar. Shekara ta zaga, ta sake zagowa, Nasara ko ƙurarsa. Kwalin ganye ya yi ta ramewa, taubashina yana tsaga ganye ɗaya gida biyu, ya koma yana tsagawa gida huɗu, har ya kai ga kakkaɓe garin da ke gindin kwalin. A daidai lokacin ne kuma matarsa ta samu ciki. Ta sha yin ɓari a baya, wannan ne na farko da ya zauna har ya fito fili. In aka karɓi makullin nan, ba su da inda za su nufa sai ɗakunan gwauraye na bakin ƙorama, inda ake kwana kamar kifin gwangwani, inda motar kame ta san hanya ko da direba ya rufe ido.

Da ganye ya ƙare ruwa ya washe, ya yi fari tas. Matar ma murna ta yi. Mace ce mai tsabta irin wadda ke wanke tsintsiya bayan ta yi shara, kuma ta daɗe tana ganin ruwan nan ƙazanta ne. Ta ce yanzu ne falon ya zama na Musulmi. Ba a jima ba kwaɗin suka daina tsalle. Cinyoyinsu suka yi ja kamar an murza musu barkono, wani farin abu kamar auduga ya fito musu a baya. Kyankyaso ya bi ta gaban hancinsu yana taƙama, ba mai ɗaga kai. Wata safiya aka tarar da ɗaya ya yi rigingine.

Ranar taubashina ya zo rumfata, abin da ba ya yi, don ko masallaci na cikin layinsu yake zuwa. Ya tsaya yana kallon buhunana.

"Ba ni kuka."

"Ta miya?"

"Ta kwaɗi."

"Bawana, ka sha wani abu ne?"

"Ganye ne busasshe. Majinyaci in ya ƙi komai, me ake ba shi?"

Na ce masa miyar kuka ake ba shi, amma ba a tsoma shi ciki. Bai saurare ni ba. A wurinsa abin da ya riƙe kakanninmu a shekarun yunwa ba zai kasa riƙe kwaɗo ba. Ya tafi da ƙullinsa. Da la'asar na bi shi gida don in ga ƙarshen wasan, na tarar ruwan ya yi kauri yana yauƙi, kore shar, in ka ɗaga da ludayi sai ya biyo ka har ƙofar gida. Daddawa kawai ta rage a sa. Kwaɗin sun maƙale a saman duwatsu suna kallonmu kamar mutanen da ambaliya ta ci garinsu. Muka kwashe su a roba, muka wanke akwatin, matar tana tsaye riƙe da ƙugu.

"Mai kuka, kai ma da girmanka?"

"Amaryarmu, ni sayarwa nake, ba na bin kaya in ga inda suka kwana."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Washegari wani kwaɗon ya sake mutuwa.

Labari ya cika kasuwa, kowa ya zama likitan kwaɗi. Mai shayi ya ce a zuba shayin kawai tunda kala ake nema. Wani mahauci ɗan Maraɗi ya ce lalle. Mai gyaran rediyo ya ce a karɓo rubutu a wanke musu. Ni kuwa na ja taubashina bayan rumfa na ba shi shawarar da nake ganin ta fi ta kowa.

"Kwaɗo kwaɗo ne. A ƙauyen Tit suna nan cikin lambuna kamar tsakuwa. In sa a cika mini bido ɗaya, jarkar ruwa guda, duk wanda ya mutu mu maye gurbinsa. Buzu ya san fuskokinsu ne? Ya yi musu suna?"

"Ni na san su."

"Kai wa ya tambaye ka?"

Ya ɗago ya dube ni. Can ya ce, "Amana aka ba ni, ba lissafi ba. Kuma ko ka kawo sabbin, a farin ruwan nan su ma mutuwa za su yi. Sarkin ƙarya, ka tuna tafkin bayan gonar Baffa?"

Na tuna. Tafki ne da itatuwan marke suka kewaye, ganyensu ya zuba ciki shekara da shekaru. Ruwan ja-ja ne, mata ba sa wanki da shi don yana rina zane. Amma kwaɗin cikinsa, in ɗaya ya yi tsalle ya faɗa sai ruwa ya jiƙa mai wucewa a hanya.

Ya ce, "Kalar ruwan Nasara ke nan. Marke nake so."

To ina marke a Tamanrasset? Garin da in ka ga itace sai ka yi masa sallama. Na samu direban kamyo, babbar motar da ke kawo mini kaya daga gida na ba shi saƙo. Ya ce sai ya sauka ya dawo, kuma tafiyarsa da dawowarsa, da zaman dowan, wato kwastan, da lalacewar mota, mace na iya yaye ɗa a ciki. Kwaɗi kuwa ba su san jira ba. Suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya har suka rage 'yan kaɗan da za ka rufe da hula.

Sai wani ɗan garinmu da ke aikin lambu a Tit ya zo sayen daddawa, ya ji zancen. Ya ce a can akwai rumman da ɓaure, ganyensu na zuba cikin magudanar ruwa, inda ya taru ruwan yakan yi ja, kuma nan kwaɗi suka fi zama. Taubashina ya miƙe kamar an tsikare shi. Na ce ya zauna. Tsakaninmu da Tit akwai baraj, shingen jandarma, a kan babbar hanya, ni mai kart ni zan je, ya bari Juma'a in na rufe rumfa. Ya ce to. Da ma na san to ɗinsa.

Kafin Juma'ar wani ya sake mutuwa, saura biyu. Da sassafe ya ce wa matarsa ta kulle ƙofa, ya hau bayan wata kamyo mai zuwa In Amguel. Ya isa Tit lafiya. Ɗan garinmu ya ce ya yini a duƙe ƙarƙashin itatuwa yana tsintar ganye ɗaya-ɗaya, wanda ya faɗo da kansa ya bushe, yana shinshinawa, yana ƙin na wajen da aka yi feshin magani. A dawowa ne aka tsayar da motar. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Direban motar, wani Balarabe, shi ya zo yana tambayar rumfar Mai kuka. Ya ajiye mini ƙaramin buhu, ya ce dogon ya jefo masa shi lokacin da ake tura su cikin motar jandarma. Na zaga buro-buro, ofisoshin hukuma, da kart ɗina a hannu, na yi Larabcin da na iya da wanda ban iya ba. Aka ce an riga an wuce da su kudu.

Ban taɓa jin nauyin buhu irin na wannan ba, ni da na girma a ƙarƙashin buhu. Na kai shi gidan. Matar ta buɗe ƙofa, ta dubi buhun, ta dubi bayana. Ta shiga madafa ta fito da taɓarya, ta nufi falo.

Na riga ta isa gaban akwatin na tsaya.

"Matsa, Mai kuka."

"Amaryarmu, kwaɗon daka ba ya daɗi, sai an…"

"Na ce ka matsa! Garin neman gira ya rasa ido. Saboda waɗannan ƙazaman? Mutum da ransa, da iyalinsa, ya tafi tsintar shara!"

Duk barkwancin da na tara tun ina yaro ya gudu ya bar ni. Na ce mata, "In kika fasa, gobe Buzu zai karɓi makulli. A ina za ki haihu? Ba don su ya je ba."

Ta daɗe da taɓaryar a sama. Sannan ta sauke ta a hankali, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta rufe fuska da gefen zane. Ni kuma na kwance buhun na ɗauraye ganyen, na zuba a ruwan.

Haka na gaji sarautar bawana. Kullum kafin in buɗe rumfa sai na bi ta bayan gidan burodi da gwangwani, ƙato da ni, da tumbi, ina bin kyankyaso da gudu. 'Yan kasuwa suka samu abin yi, har aka fara ce mini Sarkin kwaɗi. Nakan taya su dariyar, in ƙara musu da cewa kwaɗin sun fara gaishe ni da Faransanci. Amma in na tura ƙofar ƙarfen nan, gabana faɗuwa yake har sai na ga maƙogwaro biyu suna motsi.

Ganyen Tit ya ɗan rina ruwan, kamar shayi na uku da aka yi wa rowa. Kwaɗin ba su mutu ba, ba su kuma warke ba. Farar audugar ta tsaya inda take. Tsohon Buzu yakan zo jefi-jefi, ya duƙa ya leƙa, ya miƙe. Wata rana na tare shi a tsakar gida.

"Alhaji, ka ga halin da yarinyar nan take ciki. Ko da abin ya faru, ka bar ta ta sauka lafiya."

"Na ba 'ya'yana magana kamar yadda na ba abokina. Wacce kake so in karya?"

"Ta 'ya'yan, ai na gida ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka riƙe su da rai, Mai kuka. Ni ma abin da nake roƙo ke nan." Kafin ya fita ya ajiye mata ƙullin dabino a bakin ƙofa.

Shi kuwa taubashina ba labarinsa. Duk direban da ya hau daga kudu sai na tare shi: dogo, siriri, ba ya magana. Su ce ai rabin waɗanda ake saukewa dogaye ne sirara, kuma bayan tafiyar nan ba mai magana. Wani ya ce an ga gawarwaki a hanya. Wannan ban kai mata ba. Abin da nake kai mata ƙarya ce zalla: an gan shi a Arlit yana cin tsire, ya yi ƙiba har wuya ya ninku. Takan ce, "Allah ya shirye ka," ta ci gaba da abin da take yi. Ganyen Tit ma ya kama hanyar ƙarewa, sanyi ya shigo, cikinta ya tsufa.

Rannan kayana suka iso daga gida, ba ta hannun direban da na ba saƙo ba, shi yana can motarsa ta kwanta. Ina lissafin buhuna sai na ga ɗaya da ban san da shi ba, mara nauyi. Direban da ya kawo kayan ya ce a tashar Arlit aka ɗora masa, aka ce na Mai kuka ne, bai kula da wanda ya kawo ba. Na soka hannu ta wata 'yar ɓula na zaro ganye ƙanana, busassu, ba dakakku ba. Na murza na shinshina. Marke.

Na saɓa shi a kafaɗa ban ko rufe rumfa ba. Ina tafe ina gaya wa kaina kada in yi saurin murna, mai yiwuwa direban farko ne ya cika alkawari ta hannun wani. Na ajiye buhun a tsakar gida na ciro wuƙa zan yanke ɗinkin.

Ta ce, "Tsaya."

Ta durƙusa da ƙyar, ta bi ɗinkin bakin buhun da yatsa. Da kaba aka ɗinke shi, kuma ɗinkin ya faro daga inda kowa ke ƙarewa, ƙullin ya juya baya.

"Wannan hannun hagu ne," in ji ta. "Haka yake ɗinke buhun gero. Kullum sai na yi masa faɗa, ba ya kwantuwa."

Ba ta bari na yanke ba. Ta zauna ta warware shi da farce, ta naɗe kabar ta ɗaure a bakin zanenta. Muka juye buhun a tabarma. Marke ne har kusan gindi. A can ƙasa kuma ga wani ƙulli dabam cikin tsumman rigar da ya fita da ita: runhu da sabara, ganyen wankan jego.

Ita da kanta ta ɗebi marken ta ɗauraye, ita da ke cewa ƙazanta ne, ta zuba a akwatin. Kafin kwana biyu ruwa ya koma shayi na biyu sosai. A hankali audugar ta kakkaɓe, jan cinya ya dushe, har ranar da na jefa kyankyaso kafin ya taɓa dutse an haɗiye shi.

A gidan ta haihu, mace, matan 'yan kasuwarmu suka karɓi haihuwar. A tsakar gidan ta yi wankanta har ta yi arba'in, bayan ƙofar ƙarfe, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Taubashina bai sake hawowa arewa ba. Saƙo ya zo daga baya cewa tafiyar rairayi ta cinye masa ƙafafu, da sanda yake takawa, marken ma roƙon wani mai zuwa kudu ya yi ya tsinto masa. Ya ce in ta yi arba'in a sa ta a mota ta same shi.

Na sa ta a mota, a gaba kusa da direba, jaririya a ƙirji. Daga nan na wuce gidan tsohon Buzu na miƙa masa makulli. Ya dube shi a tafin hannuna bai karɓa ba.

"Sun mutu?"

"Suna nan, Alhaji. Sun fi ni lafiya."

"To me ka kawo mini?"

Na mayar da makullin aljihun gaba, kusa da kart ɗina, na juya na nufi bayan gidan burodi.